Fiffiken ƙudan fatsa mai nutsewa: falle biyu, ninki ko naɗi, wanne ya kamata ka ɗaura?

A kogunan Ingila da tafkunan Sikotland da Ayalan akwai wani salon fatsa da ba a sa tana ko gara a bakin ƙugiya. Gashin tsuntsu da zare da ɗan gashin dabba ake ɗaurawa a jikinta har ta yi kama da ƙwaron ruwa ko ɗan mitsitsin kifi, a wurga ta da doguwar sanda mai laushi, kifin tirawut ya kai mata cafka. Wannan abin da aka ɗaura shi ne ƙudan fatsa. Akwai mai zama a saman ruwa, akwai mai nutsewa, kuma mai nutsewar shi ne na asali, shi kakanni suka fara ɗaurawa. Jelarsa da jikinsa da gashin wuyansa ba sa ba mai koyo wahala sosai. Inda ake yin gumi shi ne fiffike. Mutum zai yi minti goma yana gyara jiki, ya zo kan fiffike zagaye ɗaya na zare ya ɓata masa aikin gaba ɗaya.

Hanyoyin gargajiya na ɗaura fiffiken nan suna da yawa, amma uku ne ake ta muhawara a kansu: falle biyu da aka yanko daga fiffiken hagu da na dama, falle ɗaya mai faɗi da aka ninke, da kuma naɗi. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne gashin da ke hannunka ne ke zaɓar hanya, ba kai ba. Wanda ya tilasta wa gashi hanyar da ba tasa ba zai yi ta asarar kaya yana zargin yatsunsa.

Sai an fara fahimtar gashin kansa. Ɗauki gashin fiffiken agwagwa ka duba da kyau. Akwai tsinke a tsakiya, sili-sili sun fito daga gefensa biyu, kowane sili kuma yana da ƙananan ƙugiyoyi da ido ba ya gani sosai, waɗanda ke sarƙe shi da na kusa da shi. Shi ya sa in ka tsaga gashin ka shafa shi da yatsa sai ya koma ya haɗe kamar zif. Gashin fiffike yana da wannan sarƙewa sosai, don da shi tsuntsu ke dukan iska. Gashin haƙarƙari da na kafaɗa kuwa ado ne da rufin jiki, sarƙewarsa ba ta da ƙarfi, musamman can wajen baki. Duk bambancin hanyoyin nan daga nan ya taso.

Falle biyu

Wannan shi ne fiffiken da mutane ke gani a hoto su ce lallai wannan ƙuda ne. Shi ke kan ƙudan da ake kira Greenwell's Glory, wanda James Wright na Sprouston ya ɗaura wa malamin coci William Greenwell a bakin kogin Tweed a 1854. Shi ke kan Butcher mai jikin azurfa, da Coachman mai farin fiffike, da March Brown. Ana buƙatar gashi biyu masu daidai da juna, ɗaya daga fiffiken hagu, ɗaya daga na dama, kuma ya fi kyau a ce na tsuntsu ɗaya ne, daga gurbi ɗaya. Idan ka sayi fiffike cikakke, ka ciro na uku a hagu, to ka ciro na uku a dama. Gashin da ke can bakin fiffike yana da kauri da taurin kai, na ciki ya fi laushi, kuma shi ya fi dacewa da ƙananan ƙugiyoyi. A jikin gashi ɗaya ma ba ko'ina ake yanka ba. Gefen da ke da siririn sili mai tauri ba ya yin fiffike. A gefe mai faɗin, wajen gindi yana da laushi kamar auduga, ba ya riƙe siffa, wajen baki kuma silin ya yi kauri, zare na taɓa shi zai tsage. Kashi ɗaya cikin uku na tsakiya shi ne nama.

Faɗin falle kada ya wuce faɗin bakin ƙugiya, wato tazarar da ke tsakanin tsini da gadon bayanta. Ga mai koyo ma gara kashi biyu cikin uku na wannan tazarar. A ƙugiya mai lamba 12 (lamba na hawa, ƙugiya na ƙanƙancewa) wannan zai kama milimita huɗu ko kusa da haka. Ka sa tsinin allura ka ware silin, ka yanke dab da tsinke, ka yi haka a ɗaya gashin, sannan ka ɗora su a kan juna ka tabbata faɗinsu ɗaya. In ɗaya ya fi da sili biyu, cire su da allura. Kada ka ce ai ba komai. Sili biyun nan su ne za su sa ƙudan ya riƙa juyawa a cikin ruwa yana murɗe maka siririn zaren fatsa.

Ga ƙuda mai nutsewa ana haɗa fallen ciki da ciki, wato lanƙwasarsu ta fuskanci juna, su rufe kamar tafin hannu biyu na mai roƙo, su zama tamkar falle ɗaya. In ka juya su baya da baya za su buɗe kamar almakashi, wanda tsarin ƙuda mai zama a saman ruwa ne. Tsawon kuma ya kai lanƙwasar ƙugiya ya ɗan gota kaɗan. Batun ko tsinin fallen ya kalli sama ko ƙasa, an daɗe ana saɓani a kai, kuma kifi bai taɓa nuna ya damu ba. Tsini a ƙasa yana ba da siffar ƙwaro mai kwantaccen fiffike, tsini a sama yana ba da ƙuda mai tsayuwa da kyan gani. Zaɓi ɗaya ka riƙe.

Yanzu ga wurin da komai ya rataya. Kafin fiffike ya zo, sai ka shimfiɗa masa gado: zagaye huɗu ko biyar na zare a jere, sumul, a bayan idon ƙugiya, ka bar fili kamar milimita biyu don kai. Zaren ya tsaya a ƙarshen gadon ta baya. Ka kama fallen biyu da babban yatsa da manuni na hannun hagu, ka sauke su a kan gadon har tsokar yatsunka ta matse fallen da gefen ƙugiyar a lokaci ɗaya. Ka ɗaga zare ka cusa shi tsakanin babban yatsa da fallen da ke kusa da kai, ka bar shi sako-sako ya yi baka a sama, ka sauke shi tsakanin manuni da fallen da ke can gefe, ka zagayo ta ƙarƙashin ƙugiya ka sake cusa shi tsakanin babban yatsa da falle. Duk wannan ba ka ja ba tukuna. Sai ka ƙara matse yatsu, ka ja zaren sama tsaye, a hankali, ba fizga ba. Bakan nan zai sauko ya danne silin ɗaya a kan ɗaya, kamar yadda tela ke tattare bakin hannun riga. Kada ka saki. Ka ƙara zagaye biyu irin wannan, kowanne a gaban na farko, ta wajen ido. Sannan ka buɗe yatsu ka duba.

Abin da ke lalacewa a nan sananne ne, kuma kowanne da dalilinsa. In fiffiken ya karkata zuwa can gefe, ko ka saki yatsu da wuri, ko ka ja zaren zuwa ƙirjinka maimakon sama, sai ya tafi da silin yadda yake zagayawa. In ya tsage gida biyu ko uku, duba ko wani zagaye ya faɗa bayan na farko, domin wannan shi ne babban mai kashe fiffike. Zagayen farko shi ne iyaka, ba abin da ke ƙetare shi. Haka kuma zaren da ya murɗe ya zama kamar igiya yana yanka sili kamar wuƙa. Ka bar kwarkwaron zaren ya rataya, ka juya shi ya warware har zaren ya kwanta ya yi faɗi, ka goga masa kakin zuma. Zare mai lamba 8/0 ya isa ga ƙugiya 12 zuwa 16, mai 6/0 kuma ga 8 da 10. In fiffiken ya miƙe tsaye kamar tuta, akwai tudu a bayansa, ko ƙarshen jiki ya yi kauri ko gindin gashin wuya ya taru a wurin. In kuma ya kwanta ya manne da jiki, gadon ne ya yi ƙasa da yawa, ƙara masa shimfiɗa ɗaya. Gindin da ya rage ka ɗaga shi ka yanke a karkace, ba a tsaye ba, don kan ya fito siriri. Zagaye biyar ko shida su rufe shi, a ƙulle, a ɗiga masa jan farce marar launi.

Amfanin falle biyu a ruwa shi ne siririn jiki. Yana yanka ruwa ya nutse da sauri, ya tafi a miƙe. Aibinsa kuma ba ɓoyayye ba ne: ba ya motsi sosai, kuma haƙorin kifi ɗaya ko biyu ya isa ya tsattsaga shi. Masu fatsa da yawa suna cewa ƙudan ya fi kamu bayan ya tsattsage, kuma mun yarda da su. To amma in haka ne, sai mutum ya tambayi kansa dalilin ɓata lokaci wajen daidaita abin da amfaninsa ke ƙaruwa bayan ya wargaje. Amsar ita ce akwai ƙudajen da ba su da wata hanya. Shuɗin gashi mai ƙyalli na fiffiken malad, wata agwagwar daji, da ke kan Butcher in ka naɗe shi ƙyallin ya ɓace. Ƙaramin gashin tsuntsun sitalin, wanda ya maye gurbin na baƙin tsuntsun da aka fara ɗaura Greenwell's Glory da shi tunda dokar Birtaniya ta kare wancan, yana da laushi da biyayya, kuma falle biyu ne ke fito da siffar ƙwaron da ake kwaikwayo. Don koyo kuwa, ka fara da gashin agwagwa fari ko toka-toka a ƙugiya 10. Yana da araha, yana da sarƙewa, yana yafe kuskure.

Gashin macen fizan, wata kazar daji mai doguwar jela, shi ne mai gardama a wannan rukuni. Invicta, wanda James Ogden na Cheltenham ya ƙirƙira, da gashin tsakiyar jelarta aka san shi, kuma silin jelar dogo ne marar riƙo, kana yanke shi yana rabuwa. Dabara biyu ce. Ko ka yanko fallen tare da ɗan guntun tsinkensa, ya riƙe maka gindin har ka gama ɗauri sannan ka datse, ko ka koma gashin fiffikenta wanda launinsa ya yi kusa kuma ya fi haɗuwa. Kifi ba zai bambance ba.

Ninki da naɗi

Nan ne gashin haƙarƙari da na kafaɗa ke mulki, kuma nan ne manyan ƙudajen tafki suke: Mallard and Claret, Connemara Black, Dunkeld, Teal Blue and Silver, da Peter Ross wanda ya samo sunansa daga wani mutumin Killin a Sikotland. Uku na farko da gashin kafaɗar namijin malad ake yi, mai launin tagulla da ɗigo-ɗigo. Biyu na ƙarshe da gashin haƙarƙarin til ake yi, wata ƙaramar agwagwar ruwa mai zanen baƙi da fari kamar saƙi.

Ana iya yi musu falle biyu, gwanaye suna yi, amma wahala ce da ba dole ba. Ninki ya fi sauƙi kuma ya fi ƙarko. Ka cire tattausan gashin gindi ka zubar. Ka kama silin gefe mai kyau ka ja su a hankali har su tsaya a miƙe daga tsinke, bakinsu ya daidaita. Wannan matakin shi mutane ke tsallakewa, shi ya sa fiffikensu ke fitowa baki wani dogo wani gajere. Ka yi ta shafawa har su zauna a haka. Sannan ka yanko yanki mai faɗin fiffiken da kake so sau uku, wato in kana son milimita huɗu ka yanko sha biyu. Ka kwantar da shi fuska a ƙasa, ka ninko kashi ɗaya zuwa tsakiya, ka ninko ɗayan a kansa, kamar ninkin wasiƙa. Wasu suna yanko sau huɗu, su kawo gefe biyu su haɗu a tsakiya, sannan su ninke biyu. Wannan ya fi cika, ya dace da ƙugiya 8 da 10, amma a 14 zai yi kai kamar na ƙwaro. Bakin ninkin ya kasance a sama, buɗaɗɗen gefen a ƙasa, ya hau ƙugiya kamar jinka. Ɗaurin kuwa shi ne dai wancan na matsi da baka.

Ga wani sirri game da gashin tagullar nan da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe. Kowane sili launi biyu gare shi: gindinsa toka-toka ne mai laushi, bakinsa ne tagulla. Sashen tokar yana sarƙe da juna, yana karɓar zare. Sashen tagullar ba ya riƙo ko kaɗan. Idan zarenka ya sauka a kan toka, fiffike zai zauna lafiya. Idan ya sauka a kan tagulla, zai watse kamar tsintsiya komai gwanintarka. Saboda haka girman gashi ya bi girman ƙugiya. Wanda ya sayi manyan gashi masu dogon sili don ya ga sun fi kyau a leda, ya zo zai ɗaura ƙugiya 12, dole zarensa ya faɗa tsakiyar tagulla. Manya na ƙugiyar kifin salmon ne. Ga tirawut nemi ƙanana da matsakaita. Tsuntsu ɗaya 'yan kaɗan yake da su a kowace kafaɗa, shi ya sa suke da tsada, kuma shi ya sa asararsu ke da ciwo.

Naɗi ɗan'uwan ninki ne, sai dai ba a bin layi. Ka yanko yanki mai faɗi kamar na ninki, ka naɗe shi tsakanin yatsu kamar tabarma, ka ɗan latse shi, ka ɗaura. Ya fi kowanne sauri, kuma ba ruwansa da hagu ko dama, gashi ɗaya ya wadatar. A cikin ruwa silin yana buɗewa yana rufewa duk lokacin da ka ja zare ka saki, wannan numfashin kuwa shi ke jawo kifi. Ba ya tsagewa domin dama can ba a haɗe yake ba. Inda ya gaza shi ne zane. Gashin til in ka naɗe shi, layukan baƙi da fari sai su cakuɗe su zama toka-toka, alhali a Peter Ross da Teal Blue and Silver zanen nan shi ne ke kwaikwayon gefen ɗan kifi. Don haka til a ninke shi, a kuma lura layukan su hau kan juna. Tagullar malad kuwa ɗigo ne ba layi ba, naɗi ba ya rage mata komai.

Masu ɗauri na kogin Clyde a Sikotland suna da nasu salon: jiki gajere da bai wuce rabin ƙugiya ba, da siririn fiffike na sitalin ko makamancinsa, a ninke ko a naɗe, a tsaye ko ya ɗan karkata baya. Ana tayar da shi da zagaye ɗaya ko biyu a bayan gindinsa, kuma wannan ne kaɗai wurin da aka yarda zare ya koma baya, domin da gangan ake yi. A Ayalan kuma an ɗauki tagullar malad aka yi mata wani amfani dabam a ƙudan Dabbler, inda ake yafa ta ta lulluɓe sama da gefuna kamar mayafi, a bar ta a wargaje. Wanda tagulla ta sha ba shi kunya zai ji daɗin wannan, don a nan watsewar ita ake nema.

Haɗin launi, juyi da gashin dabba

A Amurka, inda aka yi ta kamun tirawut na rafi a tafkunan jihar Maine, an so ƙudaje masu launi mai haske, sai aka riƙa haɗa siraran yankuna masu launi dabam-dabam su zama falle ɗaya. Parmachene Belle na Henry P. Wells shi ne misalin da kowa ya sani: fari, ja a tsakiya, fari. Sarƙewar silin nan ita ke ba da damar haka. Ka jera yankunan gefe da gefe, bakinsu ya daidaita, ka riƙe baki, ka shafa daga gindi zuwa sama har su kama juna. Sharaɗi shi ne na hagu da na hagu, na dama da na dama, kuma kaurin silin ya yi kusa. Yankin hagu ba zai taɓa kama na dama ba, ko ka kwana kana shafawa. Na agwagwa da na agwagwa, na dinya da na dinya. Bayan ka gama na gefe ɗaya ka yi na ɗayan, sannan ka ɗaura su a matsayin falle biyu. Aiki ne mai ƙayatarwa, yana kuma koya wa hannu natsuwa, amma duk raunin falle biyu yana nan, an ma ƙara masa wuraren tsagewa. Ka ɗaura shi don ado ko don riƙe tarihi. In don ruwa ne kawai, ɗan jan sili a kowane gefen farin fiffike zai yi aikin.

Juyi tsohuwar hanya ce ta zamanin da ƙugiya ba ta da ido, kuma masu ɗaurin sayarwa a ƙarni na 19 sun yi amfani da ita sosai. Fiffike ake fara ɗaurawa, bakinsa yana kallon gaba, gindinsa a kwance a gadon ƙugiya, a ɗaura jiki a kansa, a ƙarshe a tanƙwaro fiffiken baya a danne. Ba ya zarewa har abada, tunda gindinsa na ƙarƙashin jiki. Kuɗin da za ka biya shi ne ƙaton kai, da wahalar auna tsawo tun ba ka ga jiki ba. Da zaren zamani mai ƙarfi da siranta, buƙatarsa ta ragu ƙwarai.

Gashin jelar kurege shi ne mafi ƙarko a duka, amma santsi gare shi kuma ba ya matsuwa, don haka yana zarewa. Ɗauki rabin abin da idonka ya ce ya isa, ka fizge gajerun gashin gindi, ka sa kaki a zare, ka yi zagaye uku, sannan ka ɗaga gashin ka zagaya shi shi kaɗai sau ɗaya kafin ka koma kan ƙugiya, ka ɗiga jan farce a gindin kafin ka rufe. Ya fi dacewa da ƙugiya 10 da waɗanda suka fi ta girma. A ƙanana yana kumbura kai.

Akwai kuma waɗanda suka ce a bar fiffiken gaba ɗaya. W. C. Stewart, wani mai fatsa ɗan Sikotland, ya yaba ƙudaje marasa fiffike tun 1857, kuma ƙudajen arewacin Ingila irin su Partridge and Orange da Snipe and Purple ba su da komai sai jikin siliki da zagaye ɗaya ko biyu na tattausan gashi. A rafi mai gudu da duwatsu, inda ruwa da kansa ke motsa gashin, da wuya mai fiffike ya fi su.

To wanne za ka zaɓa?

Duba ruwan da za ka. A tafkunan Ayalan irin su Corrib da Mask, ko Loch Leven a Sikotland, ana fatsa daga kwalekwale da iska ke turawa, da ƙudaje uku a zare ɗaya. Na can ƙarshe shi ake so ya nutse ya ja sauran, to nan ne gurbin siririn falle biyu irin Butcher, ko ninkin til irin Peter Ross, a ƙugiya mai nauyi. Na tsakiya ya zama Mallard and Claret mai naɗi ko ninki. Na sama, wanda ake jan sa yana tsaga fuskar ruwa, ya zama mai yawan gashi kamar Invicta ko Dabbler. A kogi kuwa, inda ake wurgawa a tsallake a bar ruwa ya kewayo da ƙuda, ƙaramin falle biyu na sitalin a ƙugiya 14 ko fiffiken Clyde ya fi, domin babban fiffike a ruwa mai ƙarfi yana sa ƙuda ya taso yana jan layi a sama, ko ya kwanta a gefe. Nauyin lanƙwasar ƙugiya shi ke riƙe ƙuda a tsaye, in fiffike ya fi ƙarfinsa sai ya kife. Kofin gilashi da ruwa ya isa gwaji: ɗaura ƙudan a guntun zare, ka jiƙa shi, ka ja shi a ciki ka ga yadda yake tafiya.

In kuma tambayar ita ce wanne za a fara koya, mu dai falle biyu za mu ce, duk da cewa ninki da naɗi ne za su cika maka akwati daga baya. Dalili shi ne falle biyu ba ya ɓoye kuskure. Ka ɗaura ƙugiya a mariƙi, ka yi mata gado kawai ba jiki ba jela, ka ɗaura fiffike, ka duba, ka aske da reza, ka sake. Gashi biyu na agwagwa za su ba ka fiffike shida zuwa takwas. In ka cinye gashi goma a haka, hannunka zai san nauyin jan zare, kuma daga nan ninki da naɗi wasa ne.

Kayan koyon ma ba sai an yi odarsu daga waje ba. Gashin fiffiken agwagwar gida yana yin falle biyu a manyan ƙugiyoyi, na talotalo mai ɗigo-ɗigo sananne ne a wannan sana'a, gashin zabo kuwa masu ɗauri a Turai suna rina shi shuɗi su sa a maƙogwaron Invicta da Connemara Black a madadin gashin wani tsuntsu mai wuyar samu. Ka wanke gashin da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, ka shanya a inuwa, ka sa a leda mai rufewa, ka ajiye a firiza na kwana bakwai don kashe ƙwari da ƙwansu. Gashin da ya bushe ya yi ƙandas, kamar yadda yake yi da hunturu, yana karyewa a ƙarƙashin zare. Ka riƙe shi da hantsaki a kan tururin buta na daƙiƙa biyar zuwa goma, ka shafa shi, silin zai miƙe ya koma ya sarƙe, sannan ka bar shi ya huce kafin ka kai masa almakashi.